Tambaya: idan aka cire dariya daga Ranma ½, yaya za a yi da dukan da Akane ke yi masa?

Hafsatu_Marubuciya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar rubutu, musamman masu bin anime, wato finafinan zane na Japan. Tun da kamfanin MAPPA ya sake fito da Ranma ½ a watan Oktoba na 2024 shirin ya shiga raina, har na koma na nemi tsohon, wanda aka nuna daga 1989 zuwa 1992. Ga wanda bai san shi ba, labarin barkwanci ne da Rumiko Takahashi ta zana: wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Ranma ya faɗa wata la'ananniyar maɓuɓɓuga a ƙasar Sin, tun daga nan duk lokacin da ruwan sanyi ya taɓa shi sai ya rikiɗe ya koma mace, sai an zuba masa ruwan zafi yake dawowa namiji, mahaifinsa Genma kuwa dabbar fanda yake komawa. Iyaye sun yi masa baiko da Akane, autar gidan Tendo, ba da son ko ɗaya daga cikinsu ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da yawa daga abubuwan da muke ƙyaƙyatawa a kai, idan mutum ya ajiye waya ya yi shiru ya yi tunani, ba abin dariya ba ne. Genma ya ɗaura wa ɗansa kifi a jiki ya jefa shi cikin ramin kuliyoyi masu jin yunwa, wai don ya koyi wani salon faɗa, kuma har yaron ya girma ba ya iya ganin kyanwa bai firgita ba. Ya raba shi da mahaifiyarsa tun yana ƙarami, bayan ya yi mata alkawarin cewa idan bai mayar da shi cikakken namiji ba, shi da yaron za su kashe kansu. Wannan ya sa na fara rubuta nawa labarin da Hausa, da mutanen nan dai da gidan nan dai, amma babu barkwanci ko kaɗan. Na kai babi na shida, ina tura wa ƙawayena a wani zaurenmu na WhatsApp.

Ga inda matsalar take. Waɗanda ba su taɓa kallon shirin ba sun tsani Akane, har wata ta ce in dai ina son a ci gaba da karantawa to in raba baikon nan, domin yarinyar azzaluma ce. Ƙawata guda ɗaya da ta san shirin kuwa cewa ta yi wannan ba Akane ba ce, wata ce na ƙirƙira na laƙa mata sunan. Ni kuma na san ban ƙara duka ko ɗaya wanda babu shi a shirin ba. Duk abin da na yi shi ne na bar shi ya yi zafi, ya bar tabo. Shin ni ce na yi kuskure, ko kuwa daman haka Akane take, dariya ce ta rufe mana ido? Kuma idan kuskure ne, ta ina zan gyara?

Malam Na-Gwani ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ƙawarki ta faɗi gaskiya, ke ma ba ki yi ƙarya ba, kuma zan nuna miki yadda haka ta yiwu da abin da muka sani a gida. Idan taubashinki ya shigo gidanku ya kira ki baiwarsa, ya ɗauke miki takalmi ya ce sai kin fanshe shi, kowa dariya zai yi, har da mahaifinki. To a ce wani ya rubuta kalmomin nan daidai yadda aka furta su, ya kai wa alƙalin da bai san akwai wasa a tsakaninku ba; abin da ke kan takardar nan zagi ne da ƙwace. Mai rubutun bai ƙara harafi ko ɗaya ba, amma ya cire abin da ya sa maganar ta zama wasa. Abin da kika yi wa Akane ke nan.

A barkwancin Takahashi, duka ba shi da gobe. Akane za ta naushi Ranma ya huda rufin ɗaki ya yi sama har ya zama ɗigo, a zane na gaba kuma ga shi zaune yana cin shinkafa da 'yar filasta a goshi. Naushin nan kamar alamar motsin rai yake a rubutu: ma'anarsa ita ce ta ji kunya, ko ta yi kishi kuma bakinta ba zai iya faɗa ba. Da kika ɗauko shi kika sa shi a duniyar da ƙashi ke karyewa, sai ma'anarsa ta sauya, ya zama cin zali, alhali yarinyar da ta yi shi ba a wannan duniyar ta yi shi ba. Idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Akane ta duniyar da duka ke kai mutum asibiti ba za ta yi dukan nan sau ɗari ba. Wataƙila ta yi mari guda, ta kwana uku ba ta iya haɗa ido da shi, kuma marin nan guda zai fi naushi ɗari nauyi a labarinki.

Sai dai kada ki ɗauka ina cewa komai a shirin wasa ne. Ita mai labarin ta riga ta nuna miki abin da ke da nauyi, kuma hanyar ganewa mai sauƙi ce: duk abin da ta bari ya kwana ya tashi da mutum, to ta ba ki izinin ki tona shi. Tsoron kyanwa ya kwana ya tashi da Ranma. Alkawarin da aka yi wa Nodoka, mahaifiyarsa, ya kwana ya tashi da shi, har ta kai yana zama gabanta a siffar mace da sunan Ranko, wai 'yar'uwar su Akane ce, yana kallon uwarsa tana cigiyar ɗanta. Ki kuma tuna ranar da aka datse wa Akane gashi a tsakiyar faɗan Ranma da abokin hamayyarsa Ryoga. Gashin bai dawo a zane na gaba ba, kamar yadda rufin ɗaki ke dawowa. Da guntun gashi ta ƙare labarin. Kuma an gaya mana dalilin da ya sa ta tara shi tun farko: tana son ta yi kama da yayarta Kasumi, saboda likitan unguwarsu Tofu, wanda take so a ɓoye, Kasumi yake so. Wannan wuri Takahashi ta rage dariya da kanta. Can ne Akane ta gaskiya take, kuma daga can ya kamata ki ɗebo ta.

Abu na biyu shi ne adalci wajen awo. Idan kin yanke cewa a labarinki komai zai yi nauyi, to ma'auni ɗaya za ki auna kowa da shi. Ranma kullum cikin kushe surar yarinyar nan da girkinta yake, a gaban mutane. Ryoga ya kan koma ɗan baƙin alade idan ruwa ya taɓa shi, Akane ta ɗauke shi a matsayin dabbar gida ba tare da ta san ko wane ne ba, kuma Ranma ya sani ya yi shiru. Nabiki, yayarta ta biyu, tana sayar da hotunan Akane don kuɗi. Kafin zuwan Ranma ma, kowace safiya tarin samari ke tare ta a ƙofar makarantar Furinkan da faɗa, saboda wani ɗalibin makarantar mai suna Kuno ya shelanta cewa duk mai son ta sai ya fara kayar da ita. Uwarta kuma ta rasu tun tana ƙarama. Ki gaya mini, a cikin babi shidan nan naki, nawa ne daga waɗannan kika bar su suka yi zafi? Ina zaton nata laifin kaɗai kika kai kotu, na sauran kika bar shi a matsayin wasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba ke ce ta farko da ta faɗa wannan rami ba. Masoyan shirin da suka cika intanet da irin waɗannan labarai da Turanci a shekarun 1990 sun yi ta faɗawa cikinsa, har aka samu wata Akane ta daban, mai yawo da ƙatuwar guduma, wadda ta fi zama a rubuce-rubucen masoya fiye da yadda take a littafin asali.

Ɗan Maraɗi ya rubuta:

Gaisuwa ga kowa. Malam ya yi bayani mai kyau a kan yadda za a gyara, amma ni ina da ja tun daga tushe, kuma ina fatan 'yar'uwa ba za ta ji haushina ba. Ni da Faransanci na fara kallon shirin nan, a fassarar da aka mayar da Akane Adeline, Ryoga kuma Roland, kuma abin da ya riƙe ni shi ne dariyar, ba wani baƙin ciki da ke ɓoye a ƙarƙashinta ba. Takahashi ta yi shekara tara, daga 1987 zuwa 1996, tana fitar da labarin mako-mako a mujallar Shonen Sunday, har ya cika littafi 38, kuma kusan kowane babi sai ta samo sabuwar hanyar da ruwan sanyi zai zubo wa wani a mafi munin lokaci. Wannan gwaninta ce mai wuyar gaske. Sa mutum kuka ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: ka kashe uwa, ka kwantar da yaro a asibiti, an gama.

Abin da ke damuna da irin wannan rubutu shi ne tunanin da ke bayansa, wato wai barkwanci mayafi ne kawai, labarin gaske yana ƙarƙashi, sai mai hankali ya zo ya yaye. Daga wannan tunani ne aka samu jita-jitar nan da ta yaɗu tsakanin yaran makaranta a Japan a shekarun 1980, cewa ƙarshen Doraemon, labarin mutum-mutumin kyanwa da aka aiko daga wani zamani mai zuwa don ya taimaki wani yaro mai suna Nobita, shi ne wai Nobita yaro ne da ke kwance a asibiti ba ya cikin hayyacinsa, kuma duk abin da aka gani mafarkinsa ne. Babu wata fasaha a cikin wannan. Kowane labari a duniya za ka iya kashe shi da wannan jimla guda.

Mu ɗauki Gizo. Idan wani ya zauna ya rubuta shi ba dariya, me zai samu? Magidanci maƙaryaci mai kwaɗayi, wanda ke ɓoye abinci yana ci shi kaɗai ya bar Ƙoƙi da yunwa. Duk gaskiya ne, yana cikin tatsuniyoyin. Amma da zarar ka yi haka, ba Gizo ba ne kuma, wani mugun miji ne kawai irin wanda littattafanmu suka riga suka cika da shi. Shawarata ga 'yar'uwa ita ce ta yi gwaji guda: ta cire sunayen Japanawan nan ta sa na gida, ta cire maɓuɓɓugar, ta karanta. Idan labarin ya tsaya da ƙafafunsa, to nata ne, ta rubuta shi da sunanta ta huta. Idan ya faɗi, to aron soyayyar da muke yi wa mutanen Takahashi ta yi, ta je tana azabtar da su da ita.

Maman Sadiq ta rubuta:

Ɗan'uwa na Maraɗi, tun da ka kawo Doraemon, ka ba ni dama in ƙarasa maka labarin, domin rabinsa ka faɗa. Ƙarshen da masoya suka ƙaga wa shirin nan ba ɗaya ba ne. Na asibitin da ka ambata, na yarda da kai, ba shi da daraja. Amma akwai na biyu, wanda ya fara yawo a intanet a ƙarshen shekarun 1990, bayan mai labarin, Fujiko F. Fujio, ya rasu a 1996 bai rufe shi ba.

A wannan, wata rana Nobita ya dawo gida ya tarar Doraemon ba ya motsi, batirinsa ya ƙare. Dorami, ƙanwar Doraemon, ta gaya wa Nobita cewa mutum-mutumin kyanwa irinsa a kunnuwansu ake ajiye wutar ko-ta-kwana da ke riƙe musu tunani yayin canja batir, shi kuwa Doraemon ba shi da kunnuwa, saboda haka idan aka canja zai farka bai san Nobita ba. Sai yaron nan, wanda duk duniya ta san shi da lalaci da cin sifili a jarrabawa, ya zaɓi a bar shi haka. Ya duƙufa ga karatu shekara da shekaru har ya zama babban masanin ƙera mutum-mutumi, ya auri ƙawarsa Shizuka, sannan da hannunsa ya gyara abokinsa. Da Doraemon ya buɗe ido, abin da ya fara tambaya shi ne ko Nobita ya gama aikin gida na makaranta.

Ku duba kayan da aka gina shi da su. Rashin kunnuwa abin dariya ne a shirin, tun da ɓera ne ya cinye su. Lalacin Nobita abin dariya ne. Faɗan aikin gida barkwanci ne da ake yawan maimaitawa. Marubucin bai shigo da wata sabuwar masifa daga waje ba, bai mayar da kowa mugu ba, kuma bai ce dariyar da muka yi a baya ƙarya ce ba. Da ita ma ya sa mutane kuka, domin tambayar ƙarshen nan ba ta taɓa zuciyar wanda bai taɓa yi mata dariya ba. Kuma irin baƙin cikin daman yana cikin babin farko na 1969: ai dalilin da ya sa Sewashi, wani daga zuriyar Nobita, ya aiko da Doraemon daga ƙarni na 22 shi ne kamfanin Nobita zai ƙone, ya bar wa zuriyarsa bashin da har zamanin Sewashi ba su gama biya ba. Shi kansa mai labarin ya rubuta babin ban kwana a 1974, inda Nobita ya tsaya wa Jaiyan, yaron da ke cin zalinsa, shi kaɗai yana shan duka don Doraemon ya tafi da kwanciyar hankali, kafin daga baya ya dawo da shi. Saboda haka gwajin da ka ba ta, na cire sunaye, wannan labari zai faɗi a cikinsa warwas, kuma faɗuwar ba aibi ba ce. Irin wannan rubutu daman da abin da mai karatu ya riga ya sani yake aiki.

Gargaɗi guda ga Hafsatu daga wannan labari dai. A 2005 wani mai zane ya mayar da shi ɗan littafi, da hannu mai kama da na asali ƙwarai, har mutane da yawa suka ɗauka ƙarshen gaskiya ne, ya kuma sayar da sama da kwafi 13,000. A Japan an saba kau da kai ga irin waɗannan littattafai na masoya, har kasuwarsu ake ci a Tokyo mai suna Comiket tun 1975, amma wannan ya yi yawa, sai kamfanin Shogakukan mai buga Doraemon da masu haƙƙin mallaka suka tashi. A 2007 mai zanen ya nemi afuwa, ya kuma biya wani kaso na kuɗin da ya samu. Na san yadda ake sayar da littafi babi-babi a zaurukanmu. Wannan kam ki bar shi kyauta, ki kuma rubuta a samansa cewa mutanen na Takahashi ne.

Hafsatu_Marubuciya ta rubuta:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Malam, na koma na ƙirga kamar yadda ka ce: a babi shida Akane ta yi duka sau tara, zancen samarin ƙofar makaranta kuwa ban ambace shi ko sau ɗaya ba, kuma na ji kunya. Zan rushe daga babi na biyu in sake. Ɗan'uwa na Maraɗi, ban ji haushi ba, amma ba zan canja sunayen ba, domin abin da ya sa na ɗauki alƙalami tun farko shi ne zaman Ranma gaban mahaifiyarsa a matsayin Ranko, kuma idan babu maɓuɓɓuga babu wannan zama. Shi ne babi na bakwai, kuma shi nake tsoro. Na yi niyyar in sa Nodoka ta gano shi a nan take ta zare takobin da take yawo da shi. Ya kuke gani?

Malam Na-Gwani ya rubuta:

Kada ki zare takobin, 'yar'uwa. Ki bar shi a naɗe cikin ƙyallensa, jingine da bango inda Ranma zai riƙa hangensa ta wutsiyar ido. Da zarar an zare shi, hankalin mai karatu zai koma kan wa zai mutu, alhali abin da kike da shi ya fi wannan tsada: uwa tana zuba wa wata baƙuwar yarinya abinci, tana gyara mata zama, tana tambayarta ko ta taɓa ganin ɗanta, ko ya yi tsawo, ko yana cin abinci sosai, ita kuma yarinyar dole ta amsa da ladabi. A littafin ma an daɗe ana jan wannan ɓoyo kafin Nodoka ta san gaskiya, kuma da ta sani karɓar ɗanta ta yi.

Sannan kada ki kori Genma daga ɗakin. A shirin, duk lokacin da matarsa ta zo sai ya watsa wa kansa ruwa ya koma fanda, ya riƙa ɗaga allunan katako da rubutu maimakon magana, mu kuma mu yi dariya. Ki bar shi yadda yake ɗin nan, kada ki canja komai, ki dai rubuta shi daga idon ɗansa: mutumin da ya ƙulla alkawarin, yana zaune a kusurwa a siffar dabba yana wasa da taya, don kada a tambaye shi. Ki kuma zaunar da Akane kusa da Ranma, ita da ba ta da uwar da za ta ɓoye wa komai, ki ba ta aikin tare tambayoyin da ya kasa amsawa. Idan kin gama babin ki turo shi nan kafin ki kai wa ƙawayenki, ina so in ga abin da za ki sa fandan ya rubuta a allonsa lokacin da Nodoka ta tambayi inda mijinta yake.